Yadda ake tsara filin wasan da yara masu buƙata ta musamman za su shiga

Idan aka kaɗa ƙararrawar tara a makarantar firamare, ka lura da wanda ya rage a baranda. Sau da yawa yaron da ke kan keken guragu ne, ko wanda ke rarrafe da silifas a hannu, yana kallon sa'o'insa suna guje-guje. Ba ƙin wasan yake ba, filin ne ya ƙi shi. Dokar hana wariya ga masu naƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce, amma filin wasa kusan ba wanda ke tuna shi. Ga yadda mai makaranta ko kwamitin unguwa zai bi, da birkila da mai walda da kafintan da ke kusa da shi.

Mataki na farko, ka zaga filin tare da yaran

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, gayyato yaran da iyayensu. Ka tura keken da hannunka tun daga ƙofa har tsakiyar fili, ka ga inda taya ke kafewa. Ka bi makaho a baya ka ga abin da sandarsa ke karo da shi. Uwar yaro mai galahanga ta san abin da ke firgita ɗanta, ta fi kowane injiniya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mataki na biyu, gyara ƙasa

Nan aikin yake, kuma nan ya kamata kuɗin ya fi tafiya. Rairayi yana da daɗin faɗuwa, amma taya nutsewa take a cikinsa, sandar dogarawa ma haka. A yi hanya mai tauri daga ƙofa zuwa kowane abin wasa, da siminti ko intalok, ko jar ƙasa da aka daɓe sosai idan aljihu bai kai ba. Faɗinta ya kai mita 1.5, domin keke ya iya juyawa, aboki kuma ya jera da shi. Kada a shafe simintin ya yi sulɓi, a ja shi da tsintsiya tun yana ɗanye. A rufe kwata da murfi, a ɗan karkata hanyar domin kada ruwa ya kwanta da damina.

Inda akwai matakala, a yi gangara. Lissafinta mai sauƙi ne: kowane santimita 10 na tsayi yana buƙatar santimita 120 na tsawo. Dakali mai santimita 30 ke nan zai ci mita 3.6. Birkila zai ce maka ya yi tsawo, ana asarar siminti. Kada ka yarda. Na sha ganin gangarar da aka yi a tsaye kamar bango, wadda ko babba ba zai hau da keke shi kaɗai ba, an kashe kuɗi kuma ba ta amfani kowa ba. A sa mata ƙarfen riƙewa gefe biyu.

Rairayin a bar shi ƙarƙashin lilo da wurin hawa kawai, kaurinsa kamar santimita 30, hanyar kuma ta zo har bakinsa.

Mataki na uku, inuwa

A watan Afrilu ƙarfen sulu yakan yi zafin da zai sale fata. Yaron da ba ya jin ƙafafunsa sosai zai ƙone bai sani ba, mai rarrafe kuma tafin hannunsa ne a ƙasa. Zabiya rana ce babbar abokiyar gabarsa, mai sikila ma ba ya son zafi da ƙishirwa. Saboda haka a kafa kayan wasa ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro idan akwai, idan babu a yi rumfa a dasa itatuwa. A ajiye randa ko famfo a tsayin da na zaune zai kai.

Mataki na huɗu, kayan wasan

Kada a ware wani lungu a ce na naƙasassu ne. Wariya ce aka yi mata fenti. A jikin ƙarfen lilo ɗaya a rataya kujera ta kowa da kuma mai majingina da ɗamara, yara biyu su yi lilo kafaɗa da kafaɗa. Kafinta ya yi teburin rairayi da keke zai shige ƙarƙashinsa, wajen santimita 70 daga ƙasa. A kan irin teburin nan a fafe gurabun dara, 'yan mata ma su yi carafke a kai. Ƙwallo mai ƙararrawa a ciki tana sa makaho cikin wasa. A rataya ganga da gwangwanaye a bango. Gefen hanya da bakin matakala a shafa musu rawaya mai haske domin masu raunin gani. Kurma kuwa da ido yake ji, to kada a gina abin da zai tare masa ganin malami da abokansa.

Ka ja kunnen mai walda kan abu biyu: ya goge duk wani kaifi, kuma kada ya bar tazara tsakanin santimita 9 zuwa 23 a tsakanin ƙarafa, domin a nan ne jikin yaro ke wucewa kansa ya maƙale.

Mataki na biyar, wurin natsuwa da katanga

Wasu yaran hayaniya ce ke rikita su. A yi musu 'yar bukka a gefe da tabarma, inda malami zai riƙa hango su. Filin ya zama da katanga da ƙofa ɗaya, saboda yaron da kan fita a guje ba tare da duba titi ba.

Bayan an buɗe, a sa mutum ɗaya ya riƙa zagawa duk sati yana duba noti da igiya da tsatsa, yana share rairayin da ya hau hanya. A sake kiran yaran nan na farko bayan wata guda, a tambaye su wane abin wasa ne har yanzu ba su iya kaiwa gare shi ba.