Kurakuran da aka fi yi wajen saƙa hula mara nauyi mai kwanciya a ƙeya

Hular nan da ake saƙawa da tsinke, wadda ke kama goshi sannan ta saki ta kwanta a ƙeya, aiki biyu take yi: bakinta ya riƙe kai, jikinta kuma ya sake. Yawancin waɗanda tasu ta ɓaci, ko dai sun matse ta gaba ɗaya, ko sun sake ta gaba ɗaya.

Tun daga zare ake fara kuskure. Ulu mai kauri ba ya lanƙwasa, sai hular ta miƙe tsaye a ka, ga kuma zufa idan sanyin ba mai yawa ba ne. Ki nemi siririn zare, irin wanda ake saƙawa da tsinke mai milimita 3.5 zuwa 4. Wasu kuma su koma ga zallar auduga don gudun zafi. Auduga tana da daɗi a fata, amma idan ta buɗe ba ta komawa, shi ya sa bayan an sa hular 'yan kwanaki sai bakin ya riƙa zamowa kan gira. Zaren da aka gauraya auduga da ulu ya fi, a ganina. Idan auduga kaɗai kike da ita, ki haɗa siririn zaren roba a bakin.

Sai rashin awo, kuma nan ne na fi jin takaicin aikin da ke tafiya a banza. Kan babban mutum yakan kai santimita 54 zuwa 58, amma ba a saƙa baki daidai da kai, ana rage kamar santimita 5 don ya kama. Ki fara saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, ki wanke shi, ya bushe, sannan ki ƙirga madaukansa, wato ƙananan zobban zaren da ake jerawa a kan tsinke. Misali, idan kin samu madauki 22 a santimita 10, kan kuma 56 ne, to 51 za ki yi wa lissafi, wato madauki 112. Ki saƙa bakin da tsinken da ya fi na jiki siranta da rabin milimita, amma kada ki matse layin farko, don shi ne ke barin shaida a goshi.

Lokacin haɗa zagaye, ki shimfiɗa tsinken mai igiya (tsinke biyu da igiya ta haɗa, na saƙa zagaye) a kan tebur ki tabbata gefen saƙar duk yana kallon ciki. Idan ya murɗe kika yi nisa, babu gyara sai warwara.

Gajiya kan sa a fara rufe saman da wuri. Hula ta yau da kullum tsawonta kamar santimita 20 ne, wannan kuwa tana son 25 zuwa 28. Ki ƙara madauki kaɗan da zarar kin gama baki, don jikin ya samu yalwa.

Wajen rufe saman ana rage madaukai; idan sun ragu har igiyar ta yi musu tsawo, kada ki ja su da ƙarfi, ki koma kan gajerun tsinkaye huɗu ko biyar. Ramukan da ke fitowa tsakanin tsinke da tsinke suna ɓacewa idan kina ɗan jan madauki na biyu. A ƙarshe ki zura zaren cikin sauran madaukan sau biyu kafin ki tsuke. Bayan wanki kuma a kwance za ki shanya ta, domin rataya na sa nauyin ruwa ya ja ta ta ƙara tsawo.