Ga ƙannenmu 'yan Nijar da suka zo karatu Kaduna: ƙofofin da za ku ƙwanƙwasa

Wanda ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ya sauka a tashar Kawo ba zai ji baƙunta ba, don da Hausa zai yi ciniki, da ita zai hau Keke Napep. A cikin makaranta baƙuncin yake. Lakca da Turanci, jarrabawa da Turanci, kuma makin da kuka saba lissafawa bisa 20 ya koma bisa 100.

Ko a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) kake, a titin Tafawa Balewa, ko Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna (Kadpoly), mutum na farko da za ka nema shi ne kodinetan ajinku. Malami ne da sashe ya ɗora wa kula da 'yan ajinku. Shi ke duba rijistar kwasa-kwasanka, shi zai faɗa maka wanda ya zama dole da wanda zaɓi ne. Ka je masa tun makon farko, ka gaishe shi, ka ce: "Malam, da Faransanci na yi sakandare, ina neman shawara." Wallahi wannan gaisuwar ta fi zuwa da hawaye bayan an kafe sakamako. Kuskure ɗaya a rijista yana iya jawo maka maimaita kwas, wani lokaci har ƙarin shekara, ga kuɗin da iyaye ke canzawa daga sefa zuwa naira.

Idan ka rubuta jarrabawa maki bai fito ba, jami'in jarrabawa na sashe za ka gani, sannan shugaban sashe. Ka rubuta ƙorafinka a takarda, ka riƙe kwafi, haka ma rasit na duk abin da ka biya. A nan maganar baki ba ta zama hujja.

Wurin kwana, rigima da abokin ɗaki, ko malamin da ya matsa wa ɗaliba da abin da bai dace ba, duk na ofishin kula da harkokin ɗalibai ne. Ƙanwata, kada kunya ta sa ki haɗiye irin wannan. Ki tafi da wata babbar ɗaliba da kika yarda da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne zurfin ciki. Yaro ya daina barci, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa aji, yana cewa kewar gida ce kawai. Akwai sashen ba da shawara, akwai asibitin makaranta, kuma su ke tura mutum asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ko na ABU da ke Shika idan abin ya fi ƙarfinsu. A Barnawa ma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, inda ake duba ciwon damuwa kamar kowace cuta.

Turanci kuwa, shiga darussan bita da manyan ɗalibai ke shiryawa, musamman na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN. Batun takardun zama, hukumar shige da fice za ka tambaya da kanka, kada ka dogara da ɗan tsakani.