Ufar motarka ta daina duka? Duba waɗannan kafin ka sayi sabuwa

Yawancin masu cewa ufarsu, wato babbar sifikar nan mai dukan bes, ta ƙone wallahi ba ufar ba ce, waya ce ko fiyus. Ni kaina na taɓa ciro ufa mai inci 12 daga but ɗin tsohuwar Golf ɗina har na fara tambayar kuɗin sabuwa, ashe wayar at, wato nagetib ɗin da ake ɗaurewa a ƙarfen mota, ce ta yi tsatsa a jikin bodi.

To ka fara da amfilifaya, wato amfi, na'urar da ke ba ufa ƙarfi. Kunna rediyo ka leƙa but, in wutar amfi ba ta kawo ba duba fiyus ɗin da ke kusa da batir da wanda ke jikin amfin, sannan siririyar wayar rimot ɗin nan, shuɗiya mai ratsin fari, ita ke tashin amfi, in bolt 12 bai iso ta ba sai ya yi ta barcinsa. In kuma jar wuta ce ta kawo to kare kansa ya yi, ko wayoyin sifika sun haɗu ko zafi ya yi masa yawa, musamman in an binne shi da kaya a but.

Ita ufar, cire wayarta ka sa mita a kan om. Mai om 4 za ta nuna 3 da 'yan kai, lafiyarta ƙalau. In mita ba ta motsa ba koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin ufar, ya tsinke. Ka kuma danna fuskarta a hankali da yatsu, in ka ji ƙarr ƙarr kamar yashi a ciki ga warin ƙonewa, ta tafi. Masu ufa biyu da suka ce duka ya ragu, ku duba ko ɗan riwaya ya juya fositib da nagetib na ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai su cinye juna.

Kukan nan mai tashi in ka taka totur, yawanci ko at ce ba ta kama da kyau ba, ko an jera wayar RCA, mai kawo sauti daga rediyo zuwa amfi, da wayar wuta, raba su, wannan ta dama wannan ta hagu. Wayar at kuwa ta zama gajeriya, ka kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes.

Batun ƙara ƙarfi, don Allah ka daina kallon 1500W ɗin da aka rangaɗa a kwali, lambar RMS za ka nema, wato ƙarfin da ufar ke iya ɗauka a kai a kai, ko Pioneer ce ko JBL ko Kenwood, ka samo amfin da RMS ɗinsa ya zo daidai da nata a om ɗin da za ka haɗa. Wayar wuta ka sayi jan ƙarfe zalla mai kauri, akwai ta alminiyam da aka shafa wa ja, ɗauke ta za ka ji ba nauyi. Fiyus kada ya wuce santimita 45 daga batir, wannan maganar gobara ce.

Maɓallin GAIN na jikin amfi ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfi da rediyo ne, murɗe shi har ƙarshe shi ke gasa koyil. Sa LPF, maɓallin da ke tace sauti ya bar bes kawai, wajen 80Hz, ka ɗaga gain kaɗan kaɗan, da ka ji sauti ya fara fashewa ka dawo baya. Akwati rufaffe dukansa tsaf yake, mai rami ya fi ƙara amma ya fi cin but.

In fitila na lumshewa duk bugu, auna batir mota na aiki, ya kamata ka ga wajen bolt 14, ƙasa da 13 a duba altaneta. Kakkarwar bayan but kuma lambar mota ce, sa mata roba a baya ka ɗaure sukurori.