Yadda Ake Gyara Barcin Dare Tun Daga Safiya

Mutane da yawa ba sa tunawa da batun barci sai bayan sun kwanta, sun yi ta juyi a kan katifa, ido ya ƙi rufuwa. A ganina nan ne kuskuren yake, domin tun da safe ake fara shirya barcin dare, kuma abin da mutum ya ci, ya sha, ya aikata da rana shi ne yake biyo shi har shimfiɗa. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare, kuma ana samun sa ne ta hanyar gyara ɗabi'u kaɗan-kaɗan.

Mataki na farko shi ne a tsayar da lokacin tashi, sannan a ƙirga baya. Wanda yake tashi sallar asuba da misalin ƙarfe 5, idan yana son awa 7, dole ƙarfe 10 ta same shi a kwance. A riƙe wannan tsari har a ranakun hutu, saboda jiki yana da agogonsa na ciki, kuma yawan sauya lokaci yana rikita shi. Idan gari ya waye, a fita a sha hantsi ko da na kwata ɗaya ne, domin hasken safiya ne yake saita wannan agogo.

Mataki na biyu ya shafi abin da ake kaiwa baki, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Shayi da kofi da goro da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda yake toshe saƙon gajiya a ƙwaƙwalwa. Bayan awa 5 zuwa 6 da shan sa, kusan rabinsa yana nan a cikin jini. Ke nan dattijon da ya ɓare goro bayan la'asar, ko matashin da ya zauna majalisa bayan isha'i ana zagaya ƙananan kofunan ataya har zagaye na uku, bai kamata ya yi mamaki ba idan tsakar dare ta same shi yana kallon rufin ɗaki. Wani zai ce shi shayi ba ya hana shi barci, kuma mai yiwuwa ne ya yi barcin, amma ba zai yi nauyi ba, shi ya sa yake tashi jiki a mace. Abin da ya fi shi ne a tsayar da waɗannan abubuwa daga azahar. Haka kuma a ci tuwon dare awa 2 zuwa 3 kafin a kwanta, domin kwanciya da cikakken ciki yana jawo ƙwannafi.

Na uku, a motsa jiki da rana, ko da tafiyar ƙafa ce ta minti 30. Ƙailula tana da amfani, musamman lokacin zafi, amma kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kuma kada a kai ta bayan la'asar.

Mataki na huɗu shi ne rabuwa da waya awa guda kafin kwanciya. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin melatonin, mai sanar da jiki cewa dare ya yi, haske mai ƙarfi kuwa yana jinkirta fitowarsa. Amma abin da ya fi hasken illa shi ne abin da ake kallo: muhawarar Facebook da saƙonnin WhatsApp suna tayar da hankali a daidai lokacin da ake so ya kwanta. A saka wayar caji nesa da gado, a maye gurbinta da karatu mai sauƙi ko addu'o'in kwanciya.

Sai kuma ɗakin kansa. Jiki yana buƙatar ɗan sanyi kafin barci ya kama shi, don haka a watannin bazara a watsa ruwa kafin a kwanta, a buɗe taga, a sauke gidan sauro a cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Kada a taɓa ajiye janareta a cikin ɗaki ko kusa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da mai barci ya farga ba.

Idan an kwanta kimanin minti 20 barci bai zo ba, a tashi a zauna cikin haske mara ƙarfi har sai hamma ta fara zuwa, sannan a koma. Wanda rashin barci ya dame shi makonni a jere, ko yake minshari mai ƙarfi har numfashinsa yana ɗaukewa, ya je asibiti a duba shi, kada ya sayi ƙwayar barci a kemis ba da izinin likita ba.