Yadda za ka warware zolayar mutanen Landan

Ranar Asabar muna gidan kallon ƙwallo a Bauchi Road, sanyin Jos ya sa kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, sai taubashina da ke zaune a Landan ya turo min saƙon murya a WhatsApp bayan an ci kulob ɗinmu, yana dariya yana cewa kar in ji haushi, "I'm only taking the mickey". Mun yi ta musu a benci, wani ma ya rantse Mickey Mouse ake nufi, alhali maganar zaurance ce irin tasu, kuma tana da hanyar warwarewa.

Fara da sanin yadda suke ƙulla ta. Talakawan gabashin Landan da ake kira Cockney ne suka fito da salon nan wajajen 1840, 'yan kasuwa da masu talla a titi. Sai su ɗauki kalmar da suke nufi, su nemo wasu kalmomi biyu ko uku da ƙarshensu ya yi amo ɗaya da ita, sannan su jefar da ta ƙarshen, wato ita mai amon, su bar ka da ta farko wadda ba ruwanta da zancen. Nan ne baƙo yake ɓata.

Don haka in ka ji kalma ta faɗo inda ba muhallinta ba, kar ka tsaya fassara ta, nemo abokiyar tafiyarta da aka yanke. Wani ya ce maka "porkies" kake yi, cikon shi ne "pork pies", wani abincinsu na naman alade, amonsa ya tafi da "lies", ƙarya kenan yake cewa kana shararawa. "Use your loaf" daga "loaf of bread" ne, ya tafi da "head", wato yi aiki da kanka malam. Wanda ya fi burge ni shi ne "blowing a raspberry", sautin nan da yara ke yi in sun sa harshe tsakanin leɓe sun hura don su raina mutum, asalinsa "raspberry tart" ne, wani kek mai 'ya'yan itace, amonsa ya faɗa kan "fart", tusa dai, kuma in ka saurari sautin ka san ba su yi kuskuren suna ba.

Shi mickey ɗin, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga sunan "Mickey Bliss" ya fito, don a kauce wa kalmar fitsari da ke cikin "taking the piss", ma'anarsa dai tsokana.

Sai ka lura da wanda ya faɗa da kuma fuskarsa. Tsakanin abokai wasa ne irin na Fulani da Barebari, wanda ya yi fushi shi aka ci. Amma don Allah kar ka ɗauki kalma ka yi ta yawo da ita ba ka san tushenta ba. "Berk" yau kusan wawa kawai take nufi a bakinsu, amma daga "Berkeley Hunt" take, sunan wata ƙungiyar mafarauta, kuma abin da ya yi amo da ita ashar ce mai nauyi da ba zan rubuta ba. Ni ba na son jin ta a bakin yaranmu ko da wasa.

In kana so abin ya zauna maka, gwada shi da Hausa. Mu a majalisarmu mun ɗauki ƙarya, muka haɗa ta da "ludayi da ƙwarya", muka yar da ƙwaryar. Yanzu duk wanda ya fara cika baki cewa kulob ɗinsa zai ɗauki kofi bana, sai ka ji an ce daga bayan benci, kai ɗan'uwa ajiye ludayin nan haka, mai shayi ma ya iya.