Kafin ka cike fom ɗin digiri na uku

Yawancin masu neman digiri na uku da ke turo mini saƙo da tambaya ɗaya suke farawa: "Malam, wace jami'a ce ta fi?" Wannan tambayar mai neman digirin farko ce. A digiri na uku ba jami'a ce za ta zauna ta karanta babinka ba, mutum ɗaya ne ko biyu, kuma su ne za su ce aikinka ya nuna ko da saura. Shi ya sa nake sa mai nema ya fara daidaita abu uku kafin ya buɗe shafin kowace jami'a: tambayar da zai bincika, malamin da zai duba masa aikin, da kuɗin da zai riƙe shi har ya gama. Fom da jarrabawar Turanci da wasiƙun shaida duk a baya suke biyowa.

Ka fara sanin irin ƙofar da kake ƙwanƙwasawa, don ba tsari ɗaya ake bi a ko'ina ba. A Amurka ana iya shiga da digirin farko kaɗai. Shekara biyun farko darussa ne a aji, sai babbar jarrabawar da ke tantance wanda zai wuce zuwa bincike, gaba ɗaya akan kwashe shekara 5 zuwa 6. Kwamitin sashe ne ke ɗauka, kodayake a fannonin kimiyya bakin malamin da ke da kuɗin bincike yana da nauyi ƙwarai. A Birtaniya shekara 3 zuwa 4 ne, darussa kaɗan ne ko babu, da saukarka sai bincike, saboda haka galibi suna son ganin digiri na biyu da daftarin bincike a hannunka. A Jamus mafi yawa farfesa suke nema kai tsaye, in ya amince sai tsangaya ta yi musu rajista, ban da tsararrun shirye-shirye irin na cibiyoyin Max Planck. A Holan da Suwidin da Denmak kuwa aiki ne sukutum, da kwantiragi da albashi da hutu: shekara 4 a Holan da Suwidin, 3 a Denmak. Irin wannan gurbin an riga an tsayar masa da batu, kai dai ka nuna za ka iya. Ana tallata irin waɗannan guraben a shafukan intanet na EURAXESS da AcademicTransfer, na Birtaniya kuma a FindAPhD.

Tambayar bincike ita ce inda mafi yawan masu nema ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. Wani zai rubuto cewa yana son yin aiki a kan "sauyin yanayi da noma". Mutum dubu ma za su iya ƙare rayuwarsu a nan ba su haɗu da juna ba. Amma in ya ce yana son ya gano ko hasashen ruwan sama da ake tura wa ƙananan manoma ta waya yana sauya ranar da suke shuka, kuma su waye ke bi, su waye ba sa bi, to yanzu akwai abin da za a auna, akwai waɗanda za a tambaya, kuma ana iya gamawa a shekara uku.

Irin wannan tambayar ba a zaune ake ƙirƙiro ta ba, daga karatu take fitowa. Ka shiga Google Scholar, shafin neman maƙalolin ilimi, ka tattara maƙaloli kamar talatin na shekaru biyar da suka wuce a fanninka. Ka fi mai da hankali ga ƙarshen kowace maƙala, inda marubuta ke faɗin abin da ba su iya yi ba da abin da suka bari a buɗe. Ka danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambaci maƙalar daga baya, don ka ga ko wani ya riga ka cike gurbin. Ka buɗe jadawali mai sauƙi: wa ya rubuta, da waɗanne bayanai, ta wace hanya, me ya rage. Manhajar Zotero kyauta ce, za ta adana maka su. Kafin ka gama za ka lura wasu sunaye suna ta maimaituwa. Waɗannan su ne malaman da za ka nema, kuma jami'o'in da suke koyarwa su ne jerin jami'o'inka, ko da ba ka taɓa jin sunan wasu ba.

Kowane suna a jerin sai ka bincike shi. Ya wallafa wani abu a shekaru uku da suka wuce, ko ofis ya cinye shi? Ɗalibai nawa suka gama a hannunsa, kuma ina suke yanzu? Ya kusa ritaya? Ni a ganina malami mai matsakaicin matsayi da ɗalibai huɗu ya fi shahararren farfesa mai ɗalibai ashirin da rabin shekararsa a jirgi take ƙarewa. Sunan babban zai yi maka kyau a takarda, amma wanda ke karanta babi ya maido cikin mako biyu shi ke fitar da mutum. Hanya mafi inganci ta sani ita ce ka rubuta wa ɗalibansa, na yanzu da waɗanda suka gama, sunayensu suna shafin sashen ko a kan maƙalolinsa. Kada ka tambaye su ko yana da kirki, kowa zai ce yana da shi. Ka tambayi sau nawa suke ganawa a wata, kwana nawa babi ke yi a wurinsa, sunan wa ke zuwa farko in an wallafa aikin ɗalibi, kuma ko akwai wanda ya bar shi ya koma wurin wani. In ɗalibi ya ce gara ku yi magana ta waya maimakon rubutu, ya riga ya yi maka hannunka mai sanda.

Saƙon imel na farko gajere ne, abin da za a karanta a waya ba tare da an gaji ba. Ka rubuta sunansa daidai da muƙaminsa. Ka faɗi ko kai wane ne a jimla ɗaya, da abin da ka karanta. Ka ambaci maƙalarsa ɗaya da ka karanta da gaske, ka faɗi takamaiman abin da ya ja hankalinka da inda kake ganin akwai saura. Ka kawo tambayarka a jimla biyu, ka tambaye shi ko yana ɗaukar ɗalibai a zango mai zuwa, ka faɗi tallafin da kake shirin nema. Ka haɗa da takardar tarihin karatunka da taƙaitaccen bayanin shafi ɗaya. Shi ke nan. Saƙon da aka tura wa mutum hamsin ana gane shi daga layin farko, haka ma wanda ChatGPT ya rubuta: yabo ya yi yawa, babu ko abu ɗaya da ya nuna an buɗe maƙalar. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, daga nan ka wuce zuwa na gaba. A Amurka kada shirun ya dame ka, wasu sassan ma ba sa son a tuntuɓi malamai kafin a nema.

Daftarin bincike galibi tsakanin kalma 1,000 zuwa 3,000 ne, kowace jami'a da iyakarta, kuma ka tsaya cikin iyakar. Masu nema sukan zuba ƙarfinsu a gabatarwa, su bar hanyar bincike da layi biyar. Mu kuwa masu karantawa can muke fara leƙawa. Ina za ka samo bayanan? Wa ke riƙe da su, zai ba ka? Mutum nawa za ka tambaya, me ya sa su? In gwaji ne, na'urar tana sashen da kake nema? Za ka buƙaci izinin kwamitin ɗa'ar bincike, wata nawa ka ware masa? In hanyar farko ta toshe, wace ce ta biyu? Kowa ya san daftarin zai sauya bayan ka shiga, har ya zama ba ka gane shi. Abin da ake dubawa shi ne ko ka iya yanko aikin da ya yi daidai da shekara uku da mutum ɗaya. A Amurka maimakon daftari takardar bayanin manufa ake nema, kuma ita ma ba tarihin rayuwa ba ce. Labarin yadda kake son kimiyya tun kana yaro ba ya ƙara maka komai. Ka faɗi binciken da ka taɓa yi, abin da hannunka ya yi a ciki, da malamai biyu ko uku na sashen da aikinka ya dace da nasu.

Wasiƙun shaida biyu ake nema a mafi yawan jami'o'in Birtaniya, uku a Amurka. Ka zaɓi wanda ya san aikinka, musamman wanda ya duba kundinka na digiri na biyu, ba mai babban muƙamin da bai iya tuna fuskarka ba. Ka ba su aƙalla mako shida, tare da daftarinka da ranar rufewa. Jami'a ce ke tura musu mahaɗi su ɗora da kansu, kuma an fi amincewa da adireshin imel na wurin aiki. Fom ɗin Amurka zai tambaye ka ko ka yafe haƙƙin ganin wasiƙar. Ka yafe, an fi yarda da wadda ba ka gani ba.

Takardar sakamakon darussa ka neme ta da wuri, ita ce ta fi kowace jan ƙafa, balle in an ce sai hukumar tantancewa irin WES ta duba ta ko sai an fassara. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara biyu yake aiki, na GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, shekara biyar, kuma sassa da yawa sun daina neman GRE tun 2020, don haka ka duba kafin ka biya. Wani abu kuma: kada ka ruga ka biya mujallar bogi ta buga maka maƙala don takardarka ta yi kauri. Babu maƙala ya fi maƙala a mujallar da ke karɓar komai cikin kwana uku. Ka duba ko mujallar tana cikin Scopus ko DOAJ, rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance.

Samun gurbi daban, samun tallafi daban, kuma ƙofar tallafi ta fi saurin rufewa. Shawarata ita ce kada ka bar ƙasarka zuwa digiri na uku da niyyar "in na je Allah zai kawo". Wanda ke aikin dare don biyan haya ba ya rubuta babi da safe. A Amurka sassa masu ƙarfi suna yafe kuɗin makaranta su biya alawus, kai kuma ka taya koyarwa ko bincike kamar awa 20 a mako. A Oxford tallafin Clarendon ba shi da fom na daban, neman gurbi kafin wa'adin Disamba ko Janairu ya sa ka cikin waɗanda za a duba. Tallafin Gates Cambridge na jami'ar Cambridge ana neman sa ne tare da gurbin. Jamus na da DAAD, Japan na da MEXT ta ofishin jakadanci ko ta jami'a, Amurka na da Fulbright. Chevening na digiri na biyu ne kawai, kada ka ɓata lokacinka. Commonwealth na da tsarin da ke ba wanda ke digiri na uku a ƙasarsa damar yin wata 12 a wata jami'ar Birtaniya, abin da ya dace da mai aiki ko mai iyali. Guraben Marie Curie na Tarayyar Turai suna biya da kyau, amma da sharaɗin ba ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 ba cikin shekara uku da suka gabata.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana son farawa a Satumba, ka soma karatun maƙaloli tun Afrilu ko Mayu na shekarar da ta gabace ta. Yuli da Agusta jarrabawar Turanci da neman takardu, Satumba da Oktoba rubuta wa malamai da gyaran daftari, Disamba zuwa tsakiyar Janairu rufewar mafi yawan guraben Amurka da manyan tallafin Birtaniya. Guraben aiki na Turai ba su da kaka, ko yaushe suna fitowa. Wuri biyar zuwa takwas da ka yi wa shiri na gaske sun isa. Inda ake biyan kuɗin fom, ka rubuta wa sashen ka tambayi ko ana yafewa, wasu suna yi.

In an kira ka ganawa, galibi ta bidiyo ce, ƙasa da awa ɗaya. Ka iya bayyana tambayarka cikin minti biyu ba ka duba takarda ba. Za a taɓa wurin da daftarinka ya fi rauni da gangan. In ba ka san amsa ba ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Kame-kame ne ke kayar da mutum a nan.

Ranar da takardar tayi ta zo, ka bari murna ta lafa ka karanta ta da biro a hannu. Shekara nawa tallafin ya ɗauka, kuma wa zai biya in aikin ya zarce? A Birtaniya ka tabbatar kuɗin makarantar da za a biya na ɗaliban waje ne, don wasu tallafin na 'yan ƙasa kawai suke biya, ratar kuma babba ce. Akwai inshorar lafiya? Akwai kuɗin zuwa taro da fita tattara bayanai? Alawus ɗin ka auna shi da hayar garin, ba da canjin kuɗin ƙasarka ba. Wasu fannonin kimiyya da injiniya a Birtaniya sai da takardar izinin ATAS kafin biza, kuma tana cin makonni. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, amma masu digiri na uku suna cikin waɗanda aka bar wa dama, in sun nuna kuɗin riƙe su. Mafi yawan jami'o'in Amurka kuma sun yi yarjejeniyar ba mai tayin tallafi har 15 ga Afrilu ya yanke shawara, don haka in wani sashe ya matsa maka tun Fabrairu, ka roƙi a ba ka zuwa ranar, ka jira sauran amsoshin.