In ka tarar da kwaɗo a ƙofar bankinka: yadda muka bi kuɗinmu daga Aboabo

Ranar Juma'a ce, 31 ga Mayu 2019, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Labari ya iske ni a rumfata ta hatsi a kasuwar Asawase da ke Kumasi, cewa Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya 347 a rana ɗaya, haɗe da wasu 39 masu ba da rance. Kafin a sha ruwa jerin sunayen ya zagaye WhatsApp, namu kuwa yana ciki. Ba zan kama sunansa ba. Asalin kamfanin daga wani ƙaramin gari ne a kan hanyar Ejura, inda nake saro masara, daga baya ya buɗe reshe a unguwar Aboabo, mu kuma muka ɗuru a ciki saboda yaransu har rumfa suke zuwa karɓar ajiya. Sidi 14,300 gare ni a wurinsu, jarin sari ne da kuɗin ɗinkin Sallar yara.

Kuɗina sun fito, amma sai da na sha zirga-zirga, kuma na raka mutum huɗu a danginmu suka bi nasu. Abin da na gani shi ne, ranar da aka rufe banki babu wanda ya san ka. Manajan da kuke gaisawa ya tafi, yarinyar da ke zuwa da jaka ta kashe waya. Takarda ce kawai take magana a madadinka. Don haka duk abin da zan faɗa a nan, a kan takarda yake komawa.

Kada ka ɓata ranar farko a bakin ƙofa. Mu mun yi, mun tsaya cikin rana da bakin azumi muna zagin mai gadi, wanda shi ma albashinsa ya maƙale a ciki. Koma gida ka zazzage akwati. Littafin ajiya, katin susu, wato ajiyar da ake zuwa karɓa, da ake yi wa alama kullum, rasit komai ƙanƙantarsa, takardar ajiya ta wa'adi in ka yi, da saƙonnin da suke turo maka a waya duk lokacin da kuɗi suka shiga. Saƙonnin nan kada ka goge ko ɗaya. Ka sa yaro ya ɗauki hotonsu ya tura wa wata wayar, don waya tana faɗawa ruwa. Sannan ka yi fotokwafin komai kashi biyu. Na asali kuwa ka nuna, kada ka bar shi a hannun kowa sai an ba ka shaidar karɓa mai hatimi.

Daga nan sai ka san wa ke riƙe da kamfanin. In Babban Banki ya soke lasisi, a ƙarƙashin dokar bankuna ta 2016, mai lamba 930, yana naɗa mutum guda da ake kira risiba. Shi ke karɓe makullai da littattafai da kwamfutoci, ya bi waɗanda kamfanin ke bi bashi, ya sayar da motoci da gine-gine, ya biya masu haƙƙi bi da bi, masu hannun jari su ne a ƙarshen layi. A namu zamanin Eric Nana Nipah ne na kamfanin akantoci na PwC, shi ne kuma aka sake bai wa kamfanoni 23 na ajiya da lamuni da aka rufe ranar 16 ga Agustan shekarar. Sanarwarsa kaɗai za ka bi, wadda ta fito a jarida ko rediyo ko shafin Babban Banki. Ita ce za ta gaya maka inda ake karɓar fom da ranar rufewa. Maganar majalisar shayi kuwa, ka ji da kunne ɗaya.

Fom ɗin ba shi da wuya, kuma ban biya ko sisi ba na karɓe shi. Suna, lambar asusu, reshe, adadin kuɗi, lambar waya, shaidar ko kai wane ne. Wuri uku ne mutanenmu suke faɗuwa.

Suna shi ne babba. Mu mutanen zango kowa sunansa uku: wanda aka raɗa masa, wanda malamin makaranta ya rubuta yadda kunnensa ya ji, da wanda kasuwa ta san shi da shi. Mutum ɗaya ne Muhammad a fasfo, Mohammed a katin zaɓe, Mahama a littafin banki. Mace ɗaya ce Aishatu, Ayishetu da Shetu. Lokacin buɗe asusu ba wanda ya damu, tunda kuɗi ake so ka kawo. Lokacin biya kuwa harafi ɗaya sai ya mayar da kai gida. Ka ɗora littafin ajiya kusa da katinka ka duba harafi da harafi. In sun saɓa, kada ka jira a kore ka, je ka yi takardar rantsuwa a wurin kwamishinan rantsarwa ko a babbar kotu a Adum, cewa sunayen nan duka naka ne, ka maƙala ta a fom. Yau Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ake tambaya, tun 1 ga Yuli 2022 shi kaɗai bankuna ke karɓa, saboda haka sunan da ke kansa shi ne sunanka, ko kana so ko ba ka so.

Sai adadi. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titin Aboabo, ta zo mini da katunanta cikin gwangwanin Milo, an ɗaure da roba, duk sun sha mai. Na ce, "Gwaggo, nawa ne gaba ɗaya?" Ta ce, "Miliyan arba'in da biyu, ɗan nan, ko sisi bai yi ciwon kai ba." Saura kaɗan yaron da ke cike mata ya rubuta haka. Ita da tsohon sidi take lissafi, na kafin 2007, lokacin da aka cire sifili huɗu. Miliyan ɗaya a bakinta sidi 100 ne a takarda, wato kuɗinta 4,200 ne. Duk tsohon da za ka cike wa fom, ka tambaye shi da wane kuɗi yake ƙirga.

Ba a nan ta tsaya ba. Da muka baje katunan a kan tabarma muka tara alamomin, 4,200 ɗin suka cika cif. Da aka duba kwamfutar kamfanin, 3,600 aka gani. Ashe akwai makonnin da yarinyar ta yi alama a kati ta sa hannu, kuɗin ba su isa ofis ba. Abin da risiba ke kira tantancewa ke nan, wato a gwada abin da ka rubuta da abin da ke cikin littafin kamfanin. Inda suka yi daidai, magana ta ƙare. Inda suka saɓa, kai ne za ka kawo hujja. Mun rubuta takardar koke, muka haɗa fotokwafin kowane kati, muka ja layi a ƙarƙashin ranakun da sa hannun yarinyar yake. Abin ya ɗauki watanni. Shawarata, ka rubuta abin da za ka iya nunawa, kada ka ƙara ko kaɗan da sunan ko Allah zai sa. Ƙari ɗaya yana jawo a ajiye fayil ɗinka gefe. Ruwan da aka yi wa masu ajiyar wa'adi alkawari kuwa, wannan ban bi ta kansa ba, dama malamanmu sun daɗe suna faɗa a kai, uwar kuɗi na nema.

Na uku lambar waya. Ta saƙon waya aka sanar da ni an tantance ni, aka ce in je Consolidated Bank da katina. Wannan banki gwamnati ce ta kafa shi a watan Agusta 2018 daga bankuna biyar da suka durƙushe, ta cikinsa aka biya mu. Lambar da ka sa a fom, ka riƙe layin da rai, ka riƙa sa masa kati. Wani maƙwabcina lambar ɗansa ya bayar, ɗan ya tafi Libiya da layin. Sai da ya je da ƙafarsa ya tambaya ya ji ashe sunansa ya daɗe da fitowa. Zuwa da kai ya fi aike. Duk sati biyu ka leƙa, ka riƙe ɗan littafi kana rubuta ranar da ka je da abin da aka ce maka.

Biyan ma ba a dunƙule ya zo ba. Da farko sidi 10,000 aka tsayar ga kowane mai ajiya a ƙananan kamfanoni irin namu, 20,000 ga na kamfanonin ajiya da lamuni. Na karɓi 10,000 ɗina, sauran 4,300 suka jira har Fabrairun 2020, lokacin da gwamnati ta saki sidi biliyan 5. A zagayen nan an biya tsaba har 70,000, abin da ya haura aka mayar da shi takardar bashin gwamnati, kafin daga baya a shekarar a mayar da ita tsabar kuɗi. In aka ba ka wani ɓangare, karɓa, ba ya kashe sauran haƙƙinka. Ka dai karanta abin da kake sa wa hannu, in ba ka jin Turanci ka tafi da mai ji.

Tsakanin jira da jira ne 'yan damfara suke fitowa. Wani zai kira ya ce daga ofishin risiba yake, ka turo ɗari biyu ta momo, wato asusun kuɗi na waya, a ɗaga fayil ɗinka sama, ko ka faɗi lambar sirrinka a zuba maka kuɗi. Wani zai ce ya sayi littafinka a rabin kuɗi, tunda wai ba za a biya ba. Wanda ya san ba za a biya ba, me zai yi da littafin?

Akwai kuma masu murna, waɗanda kamfanin ke bi bashi, suna cewa banki ya mutu bashi ya bi shi kabari. Ƙanena yana cikinsu. Ya ci rancen 3,000 ya sayi injin ɗinki, yana da ajiyar 1,800. Aka cire ajiyar daga bashin, aka ce ya kawo ciko. Bashi yana nan, hannun mai karɓa ne ya sauya. Ka biya cikin asusun da risiba ya sanar, ka karɓi rasit. Kada ka miƙa wa tsohon ma'aikacin da ya zo gida da tsohuwar rigar kamfani. In ka ba da takardar fili ko ta mota jingina, ranar da ka gama biya ka nemi takardar shaidar ka fita, ka karɓo kayanka a ranar, don ofisoshin nan na wucin gadi ne, wata rana za ka je ka tarar ana sayar da tayil a wurin.

Wani abu da ya kamata mai ajiya na yau ya sani: abin da aka yi mana a 2019 da 2020 daga aljihun gwamnati ya fito, kuma ni ban ga alamar za a maimaita ba. Yanzu akwai hukumar inshorar ajiya, GDPC, da ta fara aiki a ƙarshen Satumba 2019. Adadin da dokarta ta fara da shi sidi 6,250 ne ga mai ajiya a babban banki, 1,250 ga mai ajiya a ƙananan wurare irin bankin karkara da kamfanin ajiya. Abin da ya haura sai ka bi risiba, ka samu gwargwadon abin da ya tattaro. Dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, ai ko jarin mai ƙosai ya fi haka. Kuma duk wannan ga wurin da ke da lasisin karɓar ajiya ne. Waɗanda suka zuba a Menzgold, kamfanin cinikin zinari da aka dakatar a 2018, ba su shiga wannan layin ba sam. Jerin masu lasisi yana shafin Babban Banki a intanet, ka sa a duba maka kafin ka miƙa kuɗi. Ni yanzu jarina kashi uku yake, wani a babban banki, wani a momo, mafi yawa a buhu cikin sito.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne asusun mamaci. Mijin yayata ya rasu wata biyu kafin a rufe kamfanin, yana da ajiya a ciki. Mun kai shi maƙabartar Tafo a ranar, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, malamai suka raba gado a baki, ba wanda ya tuna da takardar shaidar mutuwa. Da muka kai littafinsa aka ce ba za a ba matarsa ba, ba za a ba babban ɗansa ba, ko da a ce sunan ɗan ne aka rubuta a matsayin magaji ranar buɗe asusu. Sai an kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Hanyarta ita ce, a fara zuwa ofishin rajistar haihuwa da mutuwa a karɓo shaidar mutuwa, iyali su zauna su fitar da waɗanda za su tsaya, a shigar da buƙata a kotu da rantsuwa da jerin abin da ya bari, a liƙa sanarwa a jira ko akwai mai ja, sannan alƙali ya bayar. Amma ka shigar da fom ɗin risiba tun kafin ranar rufewa, da sunan mamacin, ka rubuta cewa takardar kotu tana tafe. Kada ka ce sai ta fito.

Mu abin da ya riƙe mu ba kotu ba ce, gida ne. Mata biyu ya bari, kowane ɗaki yana so ɗansa ne zai tsaya. Sai da limamin unguwa ya zaunar da su sau uku aka yarda a sa ɗa ɗaya daga kowane ɗaki. Kafin a gama korona ta shigo, aka kulle Kumasi a ƙarshen Maris 2020, komai ya tsaya, zuciyar kowa kuma ta yi sanyi da maganar. Kuɗin sun fito a ƙarshen 2022, daidai lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari. Yayata ta kawo mini rabonta da na 'ya'yanta ta ce, "Ƙanena, saya mana masara mu ajiye." Na lissafa mata buhunan, ba su kai rabin abin da kuɗin za su saya a shekarar da ya rasu ba. Aboboya ɗaya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ta kwashe su zuwa unguwar Sawaba.